Gishirin Balangun Baba Ɗanlami

Ban taɓa mantawa da ranar da na ci balangu ni kaɗai a kan benci a kasuwar Doguwa ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani asibitin ƙauye ta wajen Falgore, irinmu da muke duba mara lafiya, abin da ya fi ƙarfinmu mu ajiye wa likita.

Mai balangun, Baba Ɗanlami, da sai ka bi layi kafin ka sami namansa. Amma a daminar shekarar fatar hannuwansa da gefen bakinsa ta yi ja, ta tsattsage tana saɓa. Magana ta zaga cewa kuturta ce, har Sarkin Pawa ya ce in bai warke kafin salla ba ya ɗauke tukubarsa. Ni dai kwaɗayi bai bar ni na gudu ba. Na kai yanka ɗaya baki, sai na ji gishiri har ƙwaƙwalwa.

Na ce, "Baba, gishiri ya yi araha ne?"

Ya ce, "Kai yaro, wane gishiri? Ni ko jin sa ba na yi."

Wannan maganar ce ta tsaya min, na lallaɓa shi zuwa asibiti. Gwajin kuturta na farko shi ne mutum ya rufe ido a shafa masa auduga a wurin, domin fatar da cutar ta kama ba ta ji. Baba kuwa har da dariya, wai cakulkuli nake masa. Da na tambaye shi abin da yake ci, sai ya buɗe min baki, ashe turamen haƙoransa duk sun zube. Mai sayar da nama ya manta rabonsa da nama, daga koko sai tuwo.

Likitar da take zuwa mana daga Tudun Wada ta duba shi, ta ce ƙarancin sinadarin zinki ne, wanda jiki ke samu a nama da hanta. Rashinsa kan lalata fata, ya kashe ɗanɗano. Ta rubuta masa ƙwaya, ta ce a riƙa daka masa nama. Sai dai ƙwayar da muke da ita ta yara masu gudawa ce, da hoton jariri a kwalin.

Ya ce, "Ni za ka ba maganin goyo?"

Na ce, "Baba, marasa haƙori ai layinsu ɗaya."

Ya kawo min duka da hula. Ya dai karɓa, yana gaya wa matan da ke layi na jikansa ne.

Kafin salla hannu ya washe, tukuba ta tsira. Ina zaune a bencinsa ya lashi yajinsa, ya tofar.

"Wane mugun ne ya zuba wannan gishirin?"

"Kai ne, Baba, tun farkon damina."

Ya ce, "Duk garin nan ba wanda ya iya ce min gishiri ya yi yawa, amma kowa ya iya cewa kuturu ne?"

Dariyata ta tsaya, ya ba ni tausayi ƙwarai. Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan, mutanenmu suna jin kunyar faɗa wa babba ƙaramar gaskiya a idonsa, sai su faɗi babbar ƙarya a bayansa. Ku tambayi mara lafiya abin da yake ci, ko da shi ne mai sayar da shi.