Kalmar da Inna Ta Warware a Jikin Gwado

A gidanmu na unguwar Dawaki a Gombe, duk ƙasar da ke da sanyi da Turawa sunanta Ingila. Haka muka taso muka ji Baba, Allah ya jiƙansa, yana faɗa, haka Inna ke faɗa, ni ma da nake koyar da 'ya'yan mutane a sakandare haka nake faɗa. Da autarmu ta bi mijinta karatu Scotland, unguwa duka ta ɗauka cewa Auta ta tafi Ingila. Masu son burgewa su ce Landan.

A can ta samu cikin fari. A al'adarmu gida za ta dawo ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego, sai ta yi arba'in a mai da ita ɗakinta. Tun da hakan bai yiwu ba, aka nema wa Inna biza, ba ta fito ba. Inna ba mai kuka a gaban 'ya'ya ba ce, amma na ga yadda ta rufe ɗakin da ta share wa Auta, ta daina bi ta ƙofarsa.

Ranar da naƙuda ta tashi mijin Auta yana wani gari. Maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, ta sa ta a mota ta kai ta asibiti, ta riƙe mata hannu har yarinya ta faɗo. Bayan sun koma gida ba ta saki ba. Kullum sai ta hau bene da tukunyar miya, ta tambayi abin da Musulmi ke ci da wanda ba sa ci, ta karɓi jaririyar don Auta ta runtsa. Har kunun kanwa ta tsaya aka nuna mata yadda ake damawa, ko da yake Auta ta ce na farkon da ta dama sai dai a yanka da wuƙa.

Inna ta ji duk wannan ta waya, ta ce, "Matar nan ta zauna a mazaunina. In ban gode mata yadda ya kamata ba, ban cika uwa ba."

Ta buɗe tsohuwar akwatinta ta fito da gwado, irin bargon nan na saƙar hannu, fari mai ratsin baƙi. Mahaifiyarta ce ta ba ta shi ranar da za a kawo ta Gombe daga ƙauyensu, kuma mu 'ya'yanta ko taɓawa ba a bari mu yi. Ta ce a kai wa mai surfani ya yi rubutu a bakinsa da Turanci, don matar ta karanta da kanta ba sai an fassara mata ba. Ni ce mai Turancin gida, don haka ni na rubuta a takarda: ga uwarmu 'yar Ingila, daga uwar Auta. Na hau keke Napep na kai unguwar Bolari, na tsaya a kan mutumin ina gyara masa harafi kamar ni na ƙirƙiro yaren. Ya yi aiki mai kyau da koren zare.

Wata Hajiya 'yar Kumbiya-Kumbiya za ta tafi wajen ɗanta a can ƙasar ranar Alhamis, ta yarda ta riƙe mana saƙo. Ranar Talata da hantsi na shimfiɗa gwadon a tsakar gida, na ɗauki hoto na tura wa Auta, ina jiran yabo. Sai ga kira.

"Adda, don Allah kar ku aiko shi haka."

"Me ya same shi?"

"Kin rubuta English. Ita ba 'yar Ingila ba ce, 'yar Scotland ce. Ranar da na fara ce mata haka a kan bene, murmushi ta yi ta gyara mini, amma na ga fuskarta. Ba ta so ko kaɗan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da na goya, na koya wa ABCD, yau ita ke gyara mini Turanci don ta ga dusar ƙanƙara. Na ce mata ai duk ƙasa ɗaya ce, sarki ɗaya, fasfo ɗaya, kuma wanda aka yi wa kyauta ba ya duba ɗinki. Ta ce ƙasa ɗaya ce, amma ba sunanta Ingila ba. Na ce to ta zo ta warware da kanta.

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar.

"Auta, yi mini bayani a hankali. Ba Ingila kike ba?"

Auta ta ce, "Inna, ɗauke shi kamar babban gida mai sassa huɗu. Ingila sashe ɗaya ne, shi ne babba, a nan Landan take. Akwai Scotland inda muke, akwai Wales, akwai Ireland ta Arewa. Ukun farko suna kan tsibiri ɗaya, shi ne Birtaniya. In aka haɗa da na huɗun sai a ce UK, sunan gidan gaba ɗaya ke nan, ko da yake su ma da bakinsu sukan ce Birtaniya suna nufin duka. In kin ce mata 'yar Birtaniya ba ki yi ƙarya ba, haka fasfonta ya ce. Amma in kin ce 'yar Ingila, kin kira ta da sunan sashen da ba nata ba. Ko ƙwallo kowa da ƙungiyarsa yake fita."

Abin haushin, na san wannan. Yana cikin littafin da nake koyarwa, na sha zana shi a allo. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mai rai da abin zai sosa ba.

Inna ta ture farantin shinkafar gefe. Sannan ta ce, "To su wane ne suke kiran su da sunan babban sashen?"

"Kusan duk baƙi, Inna. Sun saba."

"Sabo daban, so daban," in ji Inna. Ta ajiye wayar ta ce in ɗauko mata reza da tabaraunta.

Inna 'yar ƙabilar Tera ce. Baba kuwa dangin 'yan kasuwar Kano ne da suka zauna Gombe tun kakanni. Tun da aka kawo ta gidan nan Hausa take yi, da Hausa ta raine mu, ko kalma goma ta yarenta ban iya ba. Da suka zauna Ibadan shekarun da Baba ke fataucin goro, Bahaushiya ake kiranta. A Makka ma haka. Ni kaina in an tambaye ni cewa nake mu Hausawa ne, a gabanta, ba ta taɓa tanka mini ba.

Na ce ta bari in mayar wa mai surfani ya warware. Ta ce a'a, allura ta riga ta huda gwadon uwarta sau ɗaya, ba za ta bar hannun wani ya ja zaren da gaggawa ba. Ta zauna a inuwar darbejiya daga bayan azahar har la'asar sakaliya, tana ɗaga zaren ɗaya bayan ɗaya da bakin reza, tana tara guntayen a murfin kwano. Ba ta iya karatun boko ba, sai da na ɗora yatsa na nuna mata inda kalmar ta fara da inda ta ƙare. Kunya ta hana ni tashi, na zauna ina riƙe mata gefen gwadon.

Washegari na koma Bolari, wannan karon ban ɗaga wa kowa murya ba. Sabuwar kalmar, Scottish, ta fi tsohuwar da harafi ɗaya, sai da mutumin ya matse ta. In ka ɗaga gwadon a rana kana ganin ƙananan hudar da tsohon zaren ya bari a ƙarƙashi. Inna ta koyi sunan ƙasar kafin Hajiya ta tashi, tana maimaitawa tana ɗaure kuka da daddawa: Sikotilan, Sikotilan.

Bayan mako biyu, wata Asabar da rana, Auta ta kira mu ta bidiyo. Ga tsohuwar zaune a kujera, gwadon a kafaɗarta, jikar Inna a cinyarta. Ta yi ta magana Auta na fassarawa. Ashe ta lura da hudar, ta tambaya, Auta kuma ta faɗa mata komai, har da rezar. Tsohuwar ta shafa wajen da yatsa. Sannan ta yi wata tambaya, Auta ta juya ta da Hausa.

"Inna, wai ta ce ita ma tana gaya wa ƙawayenta cewa ke Bahaushiya ce, saboda abin da ta ji ina cewa ke nan. Tana tsoron ko ta yi irin kuskuren. Wai ke mece ce?"

Inna ta dube ni, ta dubi wayar. Ta gyara zama, ta ja mayafinta.

"Ce mata Tera."

Tsohuwar ta maimaita a hankali, harshenta na karyewa, "Tera." Ta sunkuya ta sake faɗa wa jaririyar a kunne.

Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, tana share hawaye. Shekara arba'in da wani abu ina cikin gida ɗaya da ita, ban taɓa yi mata tambayar nan ba.