Fourera da Ƙahonin Baƙin Rago

Duk macen da ta taɓa sa shadda mai kyau a Greensboro ta san gidan Fourera a Glenwood, ƙaramin gida mai baranda a bayan jami'a. 'Yar Maraɗi ce. Ta biyo miji Amurka, mijin ya bi wata Ohio. Ya bar mata keken ɗinki da hawan jini, ita kuma ta riƙe su duka biyun da amana.

Tana da ƙa'ida ɗaya: ba ta sa almakashi a yadi sai ta ga tafiyar mai kayan. Ko ke wace ce, sai kin taka mata daga ƙofa zuwa firji. Yankan mai rangwaɗa daban, na mai tafiyar agwagwa daban. Mata kan zo gwaji da azahar su kai magariba, su ajiye yadi, su ajiye damuwa: wadda miji ya ɓoye wa takardu, wadda ɗanta ya daina salla. Fourera na saurare da allura a baki, maganar kowa ba ta taɓa fita ba. Da aka yi wa Hajiya Bebi ta Summerfield aikin gwiwa, Fourera ce ta tare a gidanta, har fo ta ɗaukar mata. Shi ya sa da auren Afnan, 'yar Hajiyar, ya taso, ankon gaba ɗaya gidan Fourera aka sauke shi. A nan garin, wadda ta ɗinka ankon Hajiya Bebi ta gama zama mutum.

Ana haka sai Confidence, wata ɗaliba 'yar Ghana da ke haya a maƙwabta, ta shigo da hoto a waya. Rigar wata yarinyar katun ɗin Japan take so, za ta sa a taron masu shigar katun a Raleigh. Farar riga ce, gefenta jina-jina, bayanta duk baƙaƙen ƙayoyi. Fourera ta ce to, amma sai ta ga tafiyar mai rigar. Confidence ta ce ai zane ne. Fourera ta ce zanen ba ya tafiya?

Haka aka kunna mata. Ta zaci irin wanda kyanwa ke bin ɓera ne. Ashe labarin wata yarinya ce da ke zuƙe cutar mutanen ƙauyensu, duk wanda ta warkar sai ƙaya ɗaya ta tsiro mata a baya. Tun suna gode mata, har suka fara kawar da kai, har uwar da ta ceto wa jariri ta zama ta farkon jifanta. Fourera, wadda ko ranar da miji ya kwashe kayansa ba ta yi hawaye ba, sai ga ta tana share majina da ƙyallen leshi tana yi wa waya faɗa: ke, bar su su mutu mana. Ta tambayi Confidence ko nan gaba za su gane. Confidence ta ce sai ta kalla da kanta. Fourera ta ajiye kashi na ƙarshe na katun ɗin sai ta gama aiki. Tafiyar dai ta gani: a duƙe, a hankali, kamar mai goyon da bai kamata ya farka ba.

Ƙayoyin roba da Confidence ta kawo ba su yi wa Fourera ba, ta ce yarinyar ta sha wahalar da ta wuce roba. Sai ta kira Sanda mahauci, mai yanka a wata gona a McLeansville, ta ce ya tara mata ƙahonin rago, ƙanana, baƙaƙe. Sanda kuwa bakinsa ba shi da murfi. Kafin ƙahonin su iso Glenwood, labarinsu ya riga su zaga gari: bazawara, ƙaho, kuma baƙi.

Ranar gwajin anko Hajiya Bebi ta tarar da su jere a baranda suna shan iska, kusa da farin yadi da aka yayyafa wa ja.

"Fourera, wa za a binne wa waɗannan?"

"Haba Hajiya, na katun ne. Zauna in nuna miki."

Ta danna waya. Tsautsayi ba ya sallama: daidai inda yarinyar ta kafa baki a bakin jariri tana zuƙo baƙin hayaƙi ya buɗe. Hajiya ta dafa gwiwarta, wadda Fourera ta yi ta matsa mata, ta ce shi ya sa har yau ba ta daina ciwo ba.

Kafin la'asar zancen ya cika gurup ɗin mata. Nan kowa ta tuna cewa Fourera na da awonta, tana da ragowar yadinta, tana da sirrinta. Aka yi layi ana karɓar kaya a baƙar leda, ba sallama. Wata ta zo da tsintsiyarta ta share zaren rigarta daga ƙarƙashin keke. Wadda ɗanta ya daina salla ta gano dalili a ranar, ta huta da zargin kanta.

Wani tela a Charlotte ya ɗinka ankon ta waya, bai ga tafiyar kowa ba. Ya fito a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Aka ce ƙahon ne.

Rigar Confidence kuwa ta ci kyauta. Yanzu ɗalibai ke cika gidan, masu son fukafuki, masu son wutsiya. Suna biya a kan lokaci, abin da ba a saba ba, amma ba mai zama. Fourera kan wuni ba ta yi Hausa da kowa ba sai da keke.

Ranar bikin Afnan, da ba a gayyace ta ba, ta kunna kashi na ƙarshe. Mutanen ƙauyen ba su gane ba. Yarinyar ta mutu a bayan gari, sarƙaƙiya ta tsiro a wurin, mutanen suka zo suka sare ta suka yi wa awakinsu shinge. Fourera ta kife wayar ta ce wa Confidence, "Mai zanen nan ya taɓa zama da mutane."

Ka ce ta ɗau darasi? Bara aka yi wa Hajiya Bebi aikin ɗaya gwiwar, aka rasa mai jinya. Fourera ta dama kunun gyaɗa, ta zuba a fulas, ta roƙi Sanda ya kai. Hajiya ta sa aka zubar a bayan gida, nesa da shuke-shuke. Fulas ɗin ma ba a mayar ba.