Likkafanin da na ɗinka wa mai rai

Cikin duk shekarun da na yi a kan keken ɗinki, ban manta da ranar da na kwantar da Pak Din a ƙasan shago na auna shi ba. Ina so ku da kuka shigo sana'ar nan a bayana ku ji yadda aka yi.

Lokacin ina ɗinki a shagon Alhaji Garba da ke unguwar Danau Kota, can ƙasar 'yan Malay, a ƙasan wani dogon bene da ɗalibanmu 'yan Najeriya suka cika. Alhaji ne mai shago, shi ke karɓar aiki, ni kuma in yanka in ɗinka. Pak Din maigadin benen ne, dattijo ɗan Malay mai yawan raha. Kullum yakan leƙo mu sha shayi, muna haɗa ɗan yarensu da na iya da ɗan Turancin da ya iya.

A tsakiyar watan Oktoba ya zo da hoto a wayarsa. Ya ce yana neman aikin yamma a wani babban kanti a Wangsa Maju, inda za a buɗe gidan fatalwa. Ga waɗanda ba su sani ba, ɗakuna ne masu duhu da mutane ke biya su shiga, ma'aikata su sa kayan dodanni suna firgita su don nishaɗi. Kowane ma'aikaci shi zai zo da kayansa, a yi gwaji, manaja ta zaɓi wanda za ta ɗauka. Shi an ba shi fitowar abin da suke kira pocong, wato gawa a cikin likkafani, ɗaure sama da ƙasa, tana tafiya da tsalle.

Alhaji ya leƙa hoton ya ja da baya. "A'uzubillahi. Isa, gaya masa mu kaftani muke ɗinkawa."

Pak Din bai yi fushi ba. Ya nuna mana wani hoton, na 'yarsa Aina da ta tafi karatu Ingila. Tun tana ƙarama take da ciwon ƙirji, ga shi sanyin can ya fara shigowa, ita kuwa 'yar suwaita ce a jikinta, irin wadda ake sawa a nan saboda sanyin ofis. Albashin gadi ba zai sayi rigar sanyi ta kirki ba. Ya ce duk lokacin da ta kira, ba maganarta yake saurara ba, numfashinta yake saurara.

Sai Alhaji ya ce min, "To, ka yi masa. Amma kada ka rataye min shi a gaban shago, matan mutane na zuwa awo."

A nan ne na fara kuskure, kuma girman kai ne ya ja ni. A Kano na ɗinka likkafani ba adadi, domin a unguwarmu idan aka yi rasuwa ni ake buga wa ƙofa. Sai na ga wannan aiki ba abin da za a koya min. Na ce masa boleh, wato zai yiwu, na shimfiɗa tabarma na ce ya kwanta ya miƙe ƙafa.

"Haji, sauran mutane a tsaye kake auna su," in ji shi, don Haji yake kirana.

"Sauran mutane ba irin wannan suke kawowa ba. Kwanta, Pak."

Ya kwanta yana dariya, har ya rufe ido don ya taya ni. Na auna daga kai zuwa tafin ƙafa, na ƙara taƙi a sama da ƙasa saboda ɗauri. Lokacin bikin yaye ɗalibai ne, manyan riguna sun yi mana tsibi, kowa na cewa iyayensa sun kusa sauka daga Najeriya. A tsakankanin waɗannan na yi nasa. Na sayo farin yadi mai kauri, na ninka, na yi maɗaurai a kai da ƙirji da gwiwa da ƙafa. Ban kira shi ya gwada ba. Ban taɓa kiran mai likkafani ya zo gwaji ba, shi ya sa abin bai ma faɗo min a rai ba.

Ranar gwajin ya roƙe ni in bi shi, don ba zai iya ɗaure kansa ba. Bayan la'asar muka je. Na naɗe shi, na ɗaure tamau, aka shafa masa farar hoda. Da ya fito, sauran ma'aikatan suka daina surutu. Ni kuwa sai daɗi ya kama ni.

Manajar, wata matashiya da suke kira Cik Lim, ta ce ya yi tsalle zuwa ƙofa. Ya yi na farko. A na biyu ya tafi gaba ɗaya kamar icce, hannuwansa na ciki, ba abin da zai tare da shi. Bakinsa ya bugi ƙasa, jini ya ɓata farin yadin.

Na durƙusa na juya shi a kan damansa na fara kwance ɗaurin kai, kamar yadda muke yi a bakin kabari. Ban san lokacin da bakina ya fara addu'ar da ake yi wa mamaci ba. Shi ma Musulmi ne, ya gane ta. Ya buɗe ido, leɓe a fashe, ya ce, "Da saura, Haji. Aina ba ta samu riga ba tukuna."

Cik Lim ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ta ga kaya mai ban tsoro kamar wannan ba, amma dokar wurin ita ce dole ma'aikaci ya iya fitar da hannunsa, ya kuma iya gudu idan ƙararrawar gobara ta kaɗa. Idan ba a gyara zuwa gobe ba, akwai wani saurayi da ke jiran gurbin.

A jirgin ƙasa da muke komowa na ba shi haƙuri. Ya danne leɓensa da hankici ya ce in bar haƙurin, in kama almakashi.

Da muka isa shago na gaya wa Alhaji gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Mutum da ransa aka kawo maka, ka yi masa ɗinkin gawa." Daga nan ya ture babbar rigar da yake wa aiki, ya ce in miƙo tef. A tsaye muka auna Pak Din. Muka sa shi ya ɗaga hannu, ya tsuguna, ya yi tsalle daga keke zuwa ƙofa, Alhaji na cewa, "Ƙara ɗaya, Pak, ban ga gwiwar ba." Muka sake ɗinka likkafanin da yadi marar nauyi, muka tsaga gefe biyu don hannu, muka ɓoye tsagar a cikin ninki, maɗaurin ƙafa kuma muka sa roba. Washegari Cik Lim ta sa shi ya ruga har bakin matakala, ta ɗauke shi. Kafin sanyi ya yi tsanani ya aika wa 'yarsa abin sayen rigar.

Abin da na koya shi ne, hannun tela yana da saurin komawa ga abin da ya saba, ko da kai ba ka nan. Tun daga ranar ba na sa almakashi a yadi sai na tambayi mai shi me zai yi a cikin kayan: zama zai yi, tuƙi, ko sujada a masallaci mai cunkoso. Mamaci ne kaɗai ake ɗinka wa ba a tambaye shi ba.