Awarwaron Jan Ƙarfe

Ina saurayi na bar garinmu a Nijar na tafi arewa, cikin hamada, na yi wa sojojin Turawa aikin lebura. Muna haƙa rami a gindin wani dutse. Ba a gaya mana na mene ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Akwai burodi, akwai sardin, akwai shayi sau uku. Ban taɓa ƙoshi irin na lokacin ba, kuma har yau ina kewar mutanen da muka ci tare.

Wata safiya aka ce mu kwanta rubda ciki, mu rufe ido da rawani. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Da muka tashi, hayaƙi ya rufe dutsen. Shugaban aikinmu ya ce gwajin bam ne, ya yi kyau, kada wanda ya kai maganar gida. Rediyo ma abin da ta ce ke nan, ya yi kyau.

Da Turawa suka tafi, sun bar wayoyi binne cikin rairayi. A wurinmu barin jan ƙarfe a ƙasa wauta ce. Kowa ya tono rabonsa. Na kai nawa wurin maƙeri, ya yi mini awarwaro shida. Da su na je neman aure.

Da su a hannunta matata ta iso Jidda. Mun zo hajji, muka zauna. Ni dako a unguwar Sharafiyya, ita suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a unguwar Sa'alaba. Kowace Juma'a takan goge su da toka da lemun tsami har su yi ja. Maƙwabta na tsokanarta: "Hajiya, a garin zinariya kike sa waya?" Sai ta ce, "Naku saye aka yi. Nawa tonowa aka yi." Zaman ya yi daɗi. Sannan ciwo ya shiga ƙashinta, ya ɗauke ta cikin shekara biyu.

'Yarmu ta gaje su. Nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Bara tana karanta mini labarai a wayarta, ta zo kan wannan dutsen. Wai ƙarfen da aka bari can yana iya ɗauke da guba, kuma gwamnatin da ta yi gwajin ta kulle yawancin takardun. Tana karantawa, awarwaron na hannunta. Ba ta san daga ina suka fito ba. Na gaya mata.

Na ce, "Uwata, cire su."

"Baba, wa ya ce su ne suka kashe Umma?"

"Ba wanda ya ce."

"Halas, shi ke nan to."

"Ba wanda ya ce ba su ba ne. Masu sanin sun yi shiru. Cire."

Ta yi kuka, ta cire. Na zuba su a gwangwanin madara, na huda bangon saman soro, na sa, na shafe da siminti. Ban iya jefar da su ba.

Mako guda ba ta yi mini magana ba. Ranar da ta sauko, ta ajiye mini shayi, ta ce, "In sun buɗe takardun, aka ga ba komai fa?"

Na ce, "Sai ki fasa bangon."