Dinyar da ban ƙirga wa Baba ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Ni ƴarsa ce ta uku, aji uku kawai na yi a lakwal, sai a yi haƙuri da rubutuna.

Baba masunci ne a Tounouga. Kowane watan janbiye, farkon shekara, ma'aikatan ruwa da daji sukan zo daga Gaya su tambaye shi yawan dinyar da ta sauka a fadama. Bai iya boko ba, igiya yake ƙullawa, ƙulli ɗaya tsuntsu goma. Yakan ce dinya ba dangi ɗaya ba ce: akwai mai farin ƙirji, akwai mai ƙullutu a baki, kuma wanda ya haɗa su a igiya ɗaya bai san ruwa ba.

Shekararsa ta ƙarshe idonsa ya mutu, sai ya aike ni. Ranar ina goye da ƴata Hadiza, jikinta zafi rau. Ban kai ƙarshen fadamar ba. Na zauna gindin giginya ina ba ta nono, ina taɓa goshinta, ina ƙulla igiya da ka. Mai ƙullutu ko ɗaya ban gani ba, amma na yi mata ƙulli bakwai.

Da na dawo ya shafa igiyar da yatsu, ya yi murmushi.

“Ashe sun dawo, ƴar Baba. To, alhamdu lillahi.”

Haka ya miƙa wa ma'aikatan, suka rubuta a littafinsu, don ba su taɓa kama shi da ƙarya ba.

Yau rabin fadamar shinkafa ce, daga cikinta nake ciyar da ƴaƴana. Nakan ce da littafin ya nuna dinya ta ragu, da an hana noma wurin. Mijina ya ce ko da na faɗi gaskiya da an noma ta, in daina cin raina. Wataƙila. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ni ce a cikinsa. Da Baba zai tsaya bakin ruwan yau, kunne zai kasa, ya ji shiru, sannan ya juyo wajena.

Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne in ya ce goma, goma ce. Saboda haka ina roƙon wanda littafin nan yake hannunsa a Gaya: shekarar ƙarshe ba ta Baba ba ce. A soke ta, ko a sa sunana a kai.