Ƙullutun Da Na Gasa A Hannun 'Yata

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya, muna zaune a Rurum, karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma 'yata ɗaya ce tal, mai shekara huɗu. Ni mace ce mai yawan dube-dube, ko ƙurji ya fito mata sai na wuni ina tunani. Ranar da ta faɗo daga kan turmi ta karye dab da wuyan hannun dama, babanta ya kai mu a babur wurin wani dattijo maɗori a Durba. Ya ɗaure hannun da kara, ya dube ni ya ce, "'Yata, kada a taɓa sai na kwance da kaina."

Bayan sati biyu na zura yatsa ƙarƙashin karan, na ji ƙullutu mai tauri daidai wurin karayar. Na ɗauka ɗorin ne ya karkace. Ban gaya wa kowa ba. Sai na tuna yadda na gasa mata cibiya tana jaririya, na riƙa kwance karan kullum da safe, ina danna ƙullutun da tsumma mai zafi don ya kwanta, tana kuka ina lallashinta da ƙuli-ƙuli, in na gama in mayar da ɗaurin. A kwana na biyar hannun ya kumbura, ya lanƙwashe.

Da muka je asibiti a Rano, likita ya duba hoton ƙashin ya ce ai ƙullutun nan shi ne warakar. Wai in ƙashi ya karye, shi da kansa yake aika saƙo cikin jini, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su taru su yi masa gini, da fari mai laushi kamar guringuntsi, daga baya ya yi ƙarfi ya lafa. Ashe ni kullum rushe ginin nake yi. Ya ƙara da cewa kusa da wurin ne ƙashin yaro yake ƙara tsawo, in wurin ya taɓu hannun yana iya daina tsawo, kuma ba za a sani ba sai tana girma.

Yau shekara biyu ke nan. Hannun ya haɗe, tana rubutu da shi a allo. Amma duk Juma'a in na yi mata wanka sai na auna hannuwan biyu da zare, ita tana dariya, ta ɗauka riga zan ɗinka mata. Har yanzu daidai suke, amma sai na sake aunawa kafin in ajiye zaren. 'Yan uwana mata, in kun ga abin da ba ku gane ba a jikin ɗa, ku buɗe baki ku tambaya. Kunyar tambaya ta minti ɗaya na guje wa, ga shi zan yi ta awo har ta gama girma.