Bututun da Aka Kife wa Gwangwani

Ni dai ban taɓa tashi daga garinmu ba. Inda aka kawo ni aure, nan na haihu, nan na tsufa. Amma wata shekara aka wayi gari wai mun tashi. An ja layi a takarda can sama, an yanke ƙauyenmu daga mazaɓar da muka sani, an liƙa mu da wata. Dagaci ya faɗa wa maza a masallaci, mazan kuwa ba su ga abin kawowa cikin gida ba.

A lokacin ɗan majalisarmu ya riga ya sa an haƙa mana burtsatse. An kafa bututu, saura kan famfo. Ya ce sai bayan zaɓe.

Ranar zaɓe ni na ja matan unguwa, don ni ce babba. Ba mai karatu a cikinmu, alama muke bi. Na ce kowacce ta dangwala inda muka saba, alamar mai burtsatse. Muka dangwala, muka dawo da tawada a yatsa muna ta murna. Ashe a sabuwar mazaɓar wani ne daban ke riƙe da alamar, shi kuma ya faɗi.

Da kaka ta yi, muka haɗa gaisuwa yadda aka saba, daddawa da kuka da kaji biyu, muka nufi Dutse gidan mai burtsatse, a Yalwawa. Wani mai babbar riga a ƙofa ya karɓi kajin tukuna, sannan ya tambayi garinmu. Da na faɗa, ya ce, "Ai Iya, ku yanzu ba namu ba ne. Ku nemi naku."

Muka nemi namun, can wajen Kiyawa. Aka bar mu a rana har la'asar, sannan aka aiko mana cewa an ƙirga akwatin ƙauyenmu, an ga wanda muka zaɓa, mu je ya ba mu ruwa.

A hanyar dawowa ba wadda ta kula ni, sai matar ƙanen mijina. Ta ce, "Yaya, da kin bar mu kowacce ta dangwala da ka, da wata ta dace."

Bututun yana nan a bakin gari, an kife masa gwangwani kada yara su cika shi da ƙasa. Jikokina mata har yau rafi suke zuwa, ta gefen bututun suke wucewa da jarka a ka. In na hango su, nakan duba babban yatsan nan nawa. Tawadar ta fita tun a satin.